Hannun Firmino

"Saki!"

Injin ya cilla farantin yumɓu sama, Firmino ya bi shi da bindigarsa mai baki biyu ya sakar masa duka biyun. Farantin ya ci gaba da tafiyarsa lafiya lau, ya je ya faɗi cikin itatuwan zaitun. Tun da aka kira sunansa haka ake yi. Ba wanda ya yi dariya, kuma a garinmu, inda ko a wajen makoki ba a rasa mai zolaya, wannan shirun ya fi zagi ciwo.

Duk wanda ya tashi a wannan yanki na Alentejo ya san hannun Firmino. Ragon da ake sawa a gasar harbi ta bikin coci, shekara da shekaru a gidansa ake gasa shi, har mutane suka daina cewa ragon gasa suka koma ragon Firmino. Ya haura saba'in, kunne ya yi nauyi, a kan titi ba ya gane mutum sai ya zo dab da hancinsa. Amma in ya tsaya a filin harbi, farantin da aka sakar masa ba ya sauka da rai. Shi da bakinsa yake cewa ido na yara ne, harbi a jini yake.

Matarsa Ermelinda ce ke riƙe da 'yar rumfar abinci da ke gefen filin, tana sayar da burodi da nama da kofi. Da an kira mijinta sai ta sallami masu saye ta ja ƙofa, wai zuciyarta ba za ta iya kallo ba. Shi kuwa ya samu abin tsokana: 'yar mai gadin dajin farauta guda, amma ƙarar bindiga na razana ta. Ita dai sai murmushi. Da yamma ta shafa man zafi a kafaɗarta, ta ce ɗaukar tukunya ne. Abu ɗaya ke haɗa su gardama, harsashi. Kwali ba ya daɗewa a gidan, Firmino kuma ya rantse amininsa Custódio, mai kula da injin, shi ke yi masa ɗauki ɗai-ɗai.

A ƙarshen hunturu Ermelinda ta kwanta, ba ta ƙara tashi ba. Tun daga nan hannun harbin Firmino ya mutu. Kowa ya ce masa baƙin ciki ne, shi ma ya riƙe maganar da hannu biyu, don baƙin ciki ciwo ne mai wucewa.

'Yarsa Graciete, ma'aikaciyar jinya a birnin Setúbal, ba ta da lokacin jiran ya wuce. Sau biyu yana barin gas a kunne, sau ɗaya ya faɗi a matakala ya kwana a nan. Ta gyara masa ɗaki a gidanta, can saman bene, inda ba a shiga da kare balle bindiga. Firmino ya ce gara a binne shi da rai.

"Ki bar ni zuwa biki," ya ce mata. "In na fasa ko rabin farantan nan, kin san lafiyata ƙalau, ki ƙyale ni a gidana. In na kasa, ɗauke ni kamar buhun dankali."

"Baba, kai ka faɗa fa."

"Ni na faɗa. Ki tanadi tafarnuwar gasa rago."

To ga bikin ya zo. Rana ta take, ragon na ɗaure a gindin zaitun yana tuƙa, rumfar abincin tana rufe. Firmino ya goge gilashinsa, ya canza harsashi, ya zagi iska, ya zagi injin. Custódio ya rage wa injin ƙarfi har farantan suka koma tashi a hankali kamar kaza mai ƙiba, masu gasa suka kau da kai kamar ba su gani ba. Duk a banza. Wani harbin ma kafin farantin ya fito yake tashi, wani kuma bayan ya faɗi.

Da aka saki na ƙarshe, Firmino bai ma ja kunamar ba. Ya buɗe bindigar, ya zare harsasan, ya miƙa wa Custódio ita ba tare da ya dube shi ba. Na sha ganin an kayar da mutum a filin nan, amma ban taɓa jin tausayi irin na ranar ba. Ya taka a hankali zuwa motar 'yarsa, ya lalubi marfin, ya shiga baya ya zauna kamar baƙo. Karensa ya kwanta a gindin taya.

Graciete ta yi nasara a sharaɗinsu, amma ba ta yi murna ba. Ta samu Custódio a bayan injin yana tsince farantan da ba su fashe ba.

"Kawu, anya ban yi gaggawa ba? Bara warhaka fa shi ya ci ragon nan. Kewar Mama ce. In na ƙara masa shekara ɗaya, wataƙila hannun ya dawo."

Custódio ya daɗe yana juya faranti a hannunsa. Ya leƙa wajen motar, duk da ya san ko ihu ya yi tsohon ba zai ji ba.

"Tafi da shi, 'yata, ba abin da zai dawo," ya ce. "Duk garin nan mun sani, shi kaɗai muka ɓoye wa. Rabon ubanki da ya taɓa faranti tun kafin a yi miki aure. Uwarki ce ke fasa masa su ta tagar rumfa."