Tarwaɗa Mai Jar Fitila

Tun da hukumar dam ta dasa wa kowane kifi 'yar fitila a bayan kai, doka ɗaya ce: kore naka ne, ja kuwa ka mayar, ko a ƙwace kwalekwalenka.

Tun hantsi Barmo da ƙanensa Tanimu suke tsakiyar ruwa, inda kifi ke lafewa in sanyi ya tsananta. Yatsun Barmo sun ƙage. 'Yarsa Ladiyo ta haihu shekaranjiya, a gidansu kuwa ba a taɓa barin mai jego babu farfesun tarwaɗa ba. Duk abin da suka ɗago, ja ne.

Da la'asar igiya ta yi nauyi. Barmo ya jawo, sai ga ƙatuwar tarwaɗa mai jar fitila ta biyo salin-alin, ko fantsama ruwa ba ta yi ba. Ya gane ta da yagaggen leɓenta, ko jiya ita ya kama.

"Yaya, rufe fitilar da hula mana," in ji Tanimu. "Wa zai gani?"

"Ita fitilar ai gani take yi."

Barmo ya ɗora kifin a cinyarsa. A da sai ya danne tarwaɗa da gwiwa kafin ya zare ƙugiya. Wannan kuwa da kanta ta buɗe baki, tana jira.

Ya zare, ya sake ta. Ba ta nutse ba. Ta tsaya a gefen kwalekwalen, jar fitilarta na ƙyaftawa.

"Miƙo sauran tanar nan," in ji Barmo. "Abincinta ta zo karɓa."