Ƙwayar Cikin Hula

Dattawa huɗu sun baje bisa tabarma a ƙofar gidan tsohon direba, kowa riƙe da kai, suna ƙyalƙyala dariya kamar yara.

"Wallahi iccen ga rawa yake yi!" in ji ɗaya.

Aikin direban ne. Lokotoro ya ba shi 'yan ƙwayoyin ciwon zuciya na sawa ƙarƙashin harshe, ya ce suna sakin wata iska cikin jini mai buɗe jijiyoyi, har na ƙwaƙwalwa. Shi kuwa bai taɓa cin goro shi kaɗai ba. Ya rabe wa abokansa kwalbar kaf, a shekarar da darajar kuɗin sefa ta faɗi, magani ya yi wuya a Tawa.

Dariya ta yanke sa'ad da direban ya dafe ƙirji, zufa ta karyo masa. Kwalba wayam.

Mutum ɗaya ne, na biyar ɗinsu, bai yi jiri ba: marowacin da suka tsufa suna yi wa ba'a don yana ɓoye rabonsa na goro. Ya tuɓe hula, ya laluba cikinta, ya ciro ƙwayarsa.

"Buɗe baki, Alhaji. Gobe na aje wa tawa."

Da numfashi ya dawo, direban ya kamo hannunsa.

"Allah shi ƙara maka rowa."