Jaba Ta Haihu a Bargona

Shekarar da sanyi ya matsa mana a Gangara, Iya, kakata, ta aike ni bayan ɗaki da la'asar in ɗauko bargona. Tun bazara yake naɗe cikin wata tsohuwar tukunya, kusa da 'yan shukokin barkononta da take karewa da karan gero. Shi ke nan gare ni, ja ne mai kauri.

Ina ɗaga faifan da aka rufe tukunyar, wari ya buge ni. Wayyo Allah! Kamar an jiƙa ruɓaɓɓiyar daddawa da fitsarin bunsuru. Sai ga jaba kwance tsakiyar bargon, dogon bakin nan nata yana motsi, 'ya'yanta jajaye marasa gashi sun manne mata a ciki. Nan na yi amai, na rarumo taɓarya.

"Kai, maigida, aje ta!" in ji Iya daga bayana. "Mai jego za ka kashe mini cikin gida? Arziki ne ya zo, ba a korarsa."

"To Iya, da me zan rufa?"

"Ka jira ta yi arba'in."

Ta marmasa mata ƙuli-ƙuli, ta mayar da faifan a hankali, ta miƙo mini buhun da aka juye gero. Da shi na ƙare sanyin nan, haƙorana suna kaɗawa.

Allah ya jiƙan Iya, har gobe ina kewarta. Amma ni dai, in haka arziki yake wari, a kai shi gidan maƙwabta.