Abin da Muka Faɗa wa Kogi

Shekarar da aka sa ni elimantare a Haɗeja, zamanin Turawa, Malam ya ba mu jimla guda mu haddace, wai mu koyi faɗin abin da ya riga ya sami abubuwa da yawa: "The boats were swallowed by the river."

Da la'asar ina ta rera ta a bakin kogi, Kaka tana bandar kifi. Ruwa ya cika, ya yi tsit, ko kukan tsuntsu babu.

"Me kake cewa, maigida?"

"Kogi ya haɗiye jirage, Kaka."

Sai na ji tafinta a bakina, da ƙaurin hayaƙi da ƙarnin tarwaɗa.

"Tofar! Ba a yi wa ruwa mugun baki." Ta janye hannun. "Jirgi ka ce, ko jirage?"

"Jirage."

"Ku nawa kuka faɗa?"

"Duk ajin. Sau goma."

Ta juya gabas, inda Baba da ƙannensa biyu suka bi tun asuba, kowa da jirginsa. Leɓunanta na motsi. Ni kuwa na yi ta tofarwa har yawuna ya ƙafe.

Shekara talatin na yi ina koyar da Turanci. Ban taɓa rubuta kogi a allo ba. Da na ɗauki alli, ƙarnin nan nake ji.