Kwalaben Alasan

Shekara biyu da cikar madatsar Tiga, Tasalla ta iske Alasan, ma'aikacin binciken cutar tsargiya, yana tsintar dodon koɗi mai yaɗa cutar a bakin ruwa. Ta daɗe tana murza gefen mayafinta.

"Baba ya ce a mayar maka da goronka. Wai ba zai ba da 'yarsa ga mai bin gida-gida yana karɓar fitsarin mutane a kwalba ba."

Alasan ya dube ta. "In na bar aikin fa?"

Har ta buɗe baki, sai ta tuna yayanta Sabo, da fitsarin jini ya kashe bara.

"Kada ka bari," ta ce, hawaye na zuba. "Gobe ka kawo kwalba gidanmu. Baba ma yana fitsarin jini, ɓoyewa yake yi."