Rumbu Mai Ɗaki Huɗu

"Yanzu Malam, me zai hana in rushe katangun nan kawai, teburin ya koma guda ɗaya?"

Maigidana ne ya yi wannan tambaya ranar Asabar bayan La'asar, ina bakin ƙofa riƙe da jug ɗin kunun aya. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma zama da shi ya sa na tsinci kaɗan. A kwamfutar asibitin da yake aiki akwai wani babban tebur, wato jadawali, da ake zuba sunayen marasa lafiya da magungunansu. Waɗanda suka fara aikin sun raba shi ɗaki-ɗaki. Shi kuma rabon ya ishe shi, yana so ya cire shi ranar Litinin. Wanda yake tambaya Malam Tanimu ne, dattijon da ya koya masa aikin.

Malam bai ce a'a ba. Ya ce, "Ana cirewa mana. Amma akwai ƙaramin ɗaki a ƙarshe da ba wanda ya leƙa tun kafin a ɗauke ka aiki. Ka san me ke ciki?" Maigidana ya ce tarkace ne. Sai Malam ya ajiye kofinsa ya ba shi misali.

Wani manomi, in ji shi, ya gaji babban rumbu daga mahaifinsa. A ciki an ja katangu an raba shi huɗu: geron bana, geron bara, dawa, sai wani ɗan lungu da tsohon ya liƙe bakinsa da laka, ya rasu bai faɗi dalili ba. Manomin ya gaji da hawa da sunkuyawa ɗaki bayan ɗaki. Wata rana da hantsi ya shiga da gatari, hatsi na ciki maƙil, bai kwashe ko ƙwarya ɗaya ba. Ya sari katangar farko, ya sari ta biyu. Da ta ƙarshe ta faɗi sai hatsin ya gangaro da wani irin sauti, suuu, kamar mutum ya saki numfashin da ya daɗe yana riƙewa. Kafin ƙura ta lafa komai ya zama tsibi ɗaya. Abin da ke lungun nan kuwa irin shuka ne da tsohon ya cuɗa da maganin ɓera. Gero ne kamar kowane gero, ƙurar katanga ta rufe ɗan launin da zai bambanta shi.

Kaji ne suka fara. Da safe aka tarar da su kwance a gindin rumbun, ƙafafu a miƙe, ba ko kyarkyara. Nan manomin ya gane. To amma abincin shekara ne, ga damina da sauran nisa, ga bakuna. Ya riƙa zama yana tsince ƙwaya ɗaya-ɗaya yana shinshinawa, a wanke, a sake wankewa, a daka. Aka ci yau lafiya, aka ci gobe lafiya, har hankali ya fara kwanciya. Sai wata rana ƙaramin ɗansa ya sha fura ya kwanta barcin rana a inuwa, aka yi ta tashi bai tashi ba. Manomin ya kwaɓa laka ya toshe bakin rumbun gaba ɗaya. Mutanen garin sukan ce da tsakar rana, in gari ya yi tsit, ana jin hatsi na gangarawa a ciki, alhali ba hannun da ya taɓa shi.

Malam ya ce, "Ka buɗe kowane ɗaki ka gani da idonka. Ka kwafi komai ka adana gefe. In tsohon magani da aka soke ya gauraya da na yau, likita ba zai ji wari ba."

Maigidana ya yi dariya. "Kai Malam! Yau kuma tatsuniya da rana tsaka?"

Ni ban yi dariya ba. Kunun ya zubo mini a ƙafa ban ma ji ba. Domin na san rumbun nan. Yana bayan gidan kakana na wajen uwa, har yau a tsaye, ko ƙadangare ba ya hawansa. Na taso ina ganin Kaka ba ya kai loma baki sai ya shinshina ta. Inna kuwa ko mudu biyu na shinkafa aka kawo mata, ba ta juye su a mazubi ɗaya. Yaron da bai tashi ba ƙaninta ne. Sautin nan ma na taɓa jin sa, ina ƙarama, na je ɗauko kaza. A garin ba a cin tuwon gidanmu, shi ya sa aka kawo ni birni wajen gwaggo, kuma maigidana bai san komai ba.

Da Malam ya tafi, ina kwashe kofuna, kaina a ƙasa na ce, "Don Allah ka leƙa ƙaramin ɗakin nan kafin Litinin."

Ya ɗago ya dube ni, don ban taɓa sa baki a aikinsa ba. Ban san me ya gani a fuskata ba. Ya dai jawo kwamfutarsa ta aiki ya buɗe, ya daɗe yana kallo. Can na ji ya kira Malam a waya yana tambayar inda zai adana kwafin.

Ya tambaye ni me ya tsorata ni haka. Na ce ba komai. Wannan lungun nawa ne, zan bar shi a liƙe, ba zan gaya wa kowa ba. Na riga na ga yadda abin yake: tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba.