Maginiyar Randa da Ciwon Ƙugunta

Zauna tukuna, ɗan'uwa, kai da kake cewa a ba ka abin da zai ɗauke maka ciwon nan yau-yau. Bari in ba ka misali.

An yi wata maginiyar tukwane, gwanar ginin randa, wadda ciwon ƙugu da na gwiwa suka aure ta shekara da shekaru. Ka san ginin randa ba a zaune ake yin sa ba, a sunkuye ake yi, ana zagaya ta ana ɗora yumɓu ana lailayawa. To ita da ta ɗora kamu guda, wato zagaye ɗaya na yumɓu, sai ƙugu ya ce bai san zance ba. Dole ta saki aikin, ta dafa bango ta miƙe, ta ja ƙafa zuwa gindin darbejiya ta zauna tana tsaki. Sai ciwon ya lafa sannan ta koma ta ɗora wani. Ta gaji da ciwon, ta gaji da faɗinsa, maƙwabta ma sun gaji da yi mata sannu. Amma randarta, wallahi ko a kasuwar wani gari ka ƙwanƙwasa ta ka san hannunta ne, ba ta yoyo, ba ta tsagewa. Da ita take ciyar da kanta da jikokinta marayu.

Wata shekara bazara ta zo ƙarshe, hadari ya fara haɗowa daga gabas, ita kuwa ba ta tara ko rabin abin da za ta gasa ba. In ruwa ya sauka gini ya tsaya ke nan, don yumɓu ba ya bushewa, karan gashi kuma ya jiƙe. Abin da ta gasa kafin ruwa, shi gidan zai ci har kaka. Tana cikin wannan zulumi wata maƙwabciyarta ta damƙa mata tiramol, ƙwayar nan da 'yan dako ke sha, ta ce, "Iya, haɗiyi wannan ki ga aiki." Ta haɗiya. Kai! Ƙugu shiru, gwiwa shiru, sai ka ce ba a taɓa yin su ba. Ta gina randa tun daga gindi har baki ba ta ɗago ba, ta kama ta biyu. Tun daga ranar inuwar darbejiya ba ta ƙara ganin ta ba. Kafin a jima ƙwaya guda ta daina isar ta, in kuma ba ta sha ba sai hamma da gumi da mutuwar jiki. Ba ta damu ba, tunda tsakar gida ta cika da randuna, tana kallon su tana hamdala.

Ranar gashi aka jera su, aka lulluɓe da kara da busasshen kashin shanu, aka cinna wuta. Wutar ba ta gama kamawa ba ta fara jin tas! tas! daga cikin hayaƙi. Da toka ta huce ta bi su tana ƙwanƙwasawa. Wannan ta dare a ciki, waccan gindinta ya zube, wata kuma ta rabu daidai inda aka haɗa kamu da kamu. Waɗanda suka tsira 'yan kaɗan ne, su ne ta gina da ciwo kafin zuwan ƙwaya. Ta zauna a bakin tokar ta yi tagumi, nan ta gane abin da ya faru. Ashe zaman nan na gindin darbejiya da take tsine wa, shi ne lokacin da yumɓun ke shan iska ya yi ƙwarin ɗaukar na bisansa. Da ƙugu ya daina tsayar da ita, ɗanye ta yi ta ɗorawa a kan ɗanye. Shi kuwa ƙugun da aka toshe wa baki, ya dawo mata da na jiya da na shekaranjiya, sai da aka riƙe ta aka kai ta ɗaki.

Daminar nan sun sha wuya, har akuyarta guda sai da aka sayar. Wata malamar asibiti ce ta raba ta da ƙwayar a hankali, ta nuna mata ta riƙa gasa wurin da tsumma da ruwan ɗumi safe da yamma, ana murza mata man kaɗe, ta riƙa miƙe gaɓoɓi tana ɗan takawa, kada ta kwanta ta ƙi motsi. Ita kuma da kanta ta kifa turmi tana ɗora ginin a kai don ta rage sunkuyo. Kada in yi maka ƙarya, ciwon bai tafi ba. Wata safiyar da ƙyar take ɗaura zane, wata kuma da dama-dama.

Da kaka ta yi ba ta jira bazara ba, ta fara gini tun da wuri. In ƙugu ya yi magana ta tsaya, in ya lafa ta koma, ta daina tsakin nan. Kafin hadarin farko ya haɗo ta riga ta gasa. Ba su kai na bara yawa ba, amma da ta bi su tana ƙwanƙwasawa duk suka amsa, ko guda ba ta tsage ba. Ta dafa ƙugu, ta ja ƙafa zuwa gindin darbejiya ta zauna, jikoki na kwashe randuna zuwa rumfa.

Shi ya sa masu iya magana suka ce, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.